Jagorar Kallon Wasan Jitar Lantarki Mai Ƙarfin Amo ga Mutumin Diffa

Kiɗan da ake kira hebi metal reshe ne na kiɗan rok wanda ya tsiro a birnin Birmingham na Ingila a ƙarshen shekarun 1960, kuma galibin masu rubuta tarihinsa suna ɗora mafarinsa a kan faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath, wanda ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970. Kayan aikinsa ba su da yawa: jitar lantarki ɗaya ko biyu, da jitar bes mai kaurin murya, da jerin ganguna da farantan tagulla waɗanda mutum guda ke kaɗawa da hannuwa da ƙafafu, sai mawaƙi. Abin da ya raba shi da sauran kaɗe-kaɗe shi ne yadda ake ɗura wa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, fiye da abin da za ta iya ɗauka, da gangan, har muryar jitar ta yi kaushi ta koma gurnani, sannan a gina waƙa a kan wani gajeren zubi da ake ta maimaitawa, wanda makaɗan ke kira rif. Makaɗin jitar Black Sabbath, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, kuma sassauta tsirkiyoyi da ya riƙa yi daga baya don rage zafin dannawa yana cikin abubuwan da suka ba kiɗan nauyin da aka san shi da shi. Tun daga wancan lokaci ƙarfin amo ya shiga jikin kiɗan, shi ya sa wanda ya saurare shi a wayar salula kaɗai bai gama saninsa ba, shi ya sa kuma kallonsa ido da ido yake bukatar shiri.

A garin Diffa da kwarin Komadugu kunne ya saba da algaita da gangunan Barebari da Mangawa, da kuma biram, abin kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, wanda marigayi Malam Maman Barka ya koya a hannun wani makaɗinsa mai suna Bukar Tar a bakin Tafkin Chadi, ya kai shi dandamalin ƙasashen waje kafin rasuwarsa a 2018. Hebi metal ba ya cikin kaɗe-kaɗen da suka yi saiwa a wannan yanki, amma Nijar tana da abin da ya yi kusa da shi ƙwarai, wato jitar lantarki ta Abzinawa. Mdou Moctar, bahagon makaɗi ɗan jihar Tawa wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori, sa'annan a faya-fayensa da suka biyo baya, Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, sauri da kaushin jitar sun kai matakin da masu son hebi metal a Turai da Amurka suke cika dandali don ganinsa. Akwai Bombino na Agadas, wanda faifansa Deran na 2018 ya shigar da shi jerin masu takarar lambar Grammy, da Etran de l'Aïr da ke kiɗan bukukuwan aure a Agadas tun tsakiyar shekarun 1990, da Tal National a Yamai. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi wasan waɗannan kamar yadda ya shafi na masu hebi metal, ya kuma shafi kowane taro da ake jera manyan lasifikoki a cikinsa, irin waɗanda Diffa ta gani a bikin Diffa N'Glaa na Disamban 2021 da gasar takobin kokowar gargajiya ta Disamban 2022.

Wanda kuwa ya ƙudurta ganin hebi metal ɗin kansa, ba dole sai ya tsallaka teku ba. A Lome ta ƙasar Togo akwai ƙungiyar Arka'n Asrafokor, wadda ke haɗa gurnanin jita da gangunan ƙabilar Ewe tana waƙa da harshensu. A Kasablanka ta Maroko ana yin bikin L'Boulevard tun 1999. A garin Ghanzi na Botswana ƙungiyar Overthrust tana shirya bikinta na lokacin sanyi, inda masu kallo ke zuwa cikin baƙaƙen tufafin fata da hulunan makiyayan shanu. Manyan tarukan Turai su ne Wacken a arewacin Jamus, wanda aka fara a 1990, da Hellfest a garin Clisson na Faransa tun 2006, kuma tikitinsu kan ƙare watanni da dama kafin ranar, ban da wahalar biza.

Shiri kafin tashi

Aikin farko shi ne sauraron ƙungiyar tun a gida da neman sanin abin da take faɗa, domin a tsakiyar amo ba a cika rarrabe kalmomi ba, kuma mutum ba ya son ya tarar da kansa yana amsa abin da bai yarda da shi ba. Rassan hebi metal suna da yawa, wasu ƙungiyoyin suna waƙar yaƙi da zalunci da tarihin kakanni, wasu suna wasa da siffofin mutuwa da tsafi don razanarwa, wasu ƙalilan kuma suna zagin addini a fili, kuma Musulmi yana da cikakken haƙƙin tace waɗanda zai ba kuɗinsa da darensa. Tacewar dai tana bukatar sani, saboda hukunta kiɗan gaba ɗaya a kan baƙar riga da dogon gashi ya taɓa jawo ɓarna: a Maris 2003 wata kotu a Kasablanka ta ɗaure matasa 14, makaɗa da masu sauraro, bisa zargin bautar Shaiɗan, sai da jama'a suka yi ca a kan hukuncin kafin a sassauta shi a ɗaukaka ƙara. Waƙoƙin Mdou Moctar, a nasu ɓangaren, da Tamashek ake yin su, kuma sun fi karkata ga soyayya da halin da hamada ke ciki da yadda ake kwasar arzikin Afirka.

Sai maganar hanya da lokaci. Daga Diffa zuwa Yamai tafiyar kilomita 1,300 da ɗoriya ce a kan babbar hanya mai lamba 1, ta Maine Sorowa da Gudumariya da Gure da Damagaram da Maraɗi da Ƙonni da Doso, wanda ya nufi Agadas kuma a Damagaram zai karya arewa ta Tanut. Tafiya irin wannan tana son a bar kwana guda na hutu tsakanin sauka daga mota da shiga fili, domin wanda ya kwana a zaune a kujerar mota ba zai iya tsayuwar awa huɗu cikin cunkoso ba, kuma katin shaida ya kasance a jiki saboda shingayen bincike. A Yamai manyan wasanni sun fi faruwa a Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda da Fadar 29 ga Yuli da filin wasa na Janar Saini Kunce, kuma ya kamata a tabbatar da rana da wuri daga bakin masu shiryawa kafin a yanki tikitin mota, saboda ɗage wasa ba baƙon abu ba ne. Idan wasan a Diffa ne, lissafin ya sake: jihar ta shiga dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015 bayan hare-haren da aka kai Boso da Diffa, an hana hawan babur, an sa dokar hana fitar dare wadda sa'o'inta suka sha canzawa, don haka mai zuwa kallo ya tambayi lokacin tashi da abin da zai mayar da shi gida tun da sauran rana, ya kuma tabbata taron yana da izinin hukuma. Ya tsara inda zai yi Magariba da Isha'i kafin ya kutsa tsakiyar jama'a, saboda fita da dawowa suna da wuya idan wuri ya cika.

Tufafi su zama marasa nauyi waɗanda ba su da abin da zai maƙale, takalmi kuma rufaffe mai igiya, domin silifa ita ce farkon abin da ke salwanta idan aka fara turereniya, kuma mai neman silifarsa a ƙasa ya sa kansa cikin haɗari. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a sha ruwa sosai tun da rana. A lokacin hunturu kuma ƙurar da ƙafafun masu rawa ke tayarwa tana haɗuwa da hazo, sai rawani ko ƙyallen rufe hanci ya yi amfani, musamman ga mai asma, wanda bai kamata ya bar maganin shaƙarsa a gida ba.

Kunne

Wannan shi ne babin da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne asarar da ba ta da mayarwa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da ba ya hawa kamar kilo ko mita, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka. Hirar mutum biyu tana wajen desibel 60. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8 a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa guda, 97 rabin awa, 100 minti 15 kacal. Wasan rok da na hebi metal kan kai 100 zuwa 110, a gaban lasifika ma ya wuce haka, wato kafin a gama waƙa ta uku mai kallo ya cinye rabonsa na yini. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa, inda ta nemi kada matsakaicin amo ya wuce desibel 100, a riƙa auna shi, a samar wa jama'a matoshin kunne da wurin hutawa mai shiru, bayan ta ƙiyasta cewa fiye da matasa biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. A filayen da ba a auna komai, gwajin da ke hannun kowa shi ne wannan: idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke tsaye a nisan hannu ya ji magana, amon ya kai matakin cutarwa.

Ɓarnar tana faruwa ne a can cikin kunne, bayan dodon kunne, a wani sashe mai siffar katantanwa wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin dubu goma sha biyar, waɗanda aikinsu shi ne mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa za ta gane. Amo mai tsanani yana gajiyar da su, shi ne dalilin da mutum ke fitowa daga fili kunnensa ya yi dum yana jin wani siririn ƙugi. Idan an yi sa'a sukan farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, waɗanda suka mutu kuwa jikin ɗan Adam ba ya sake tsirar da su. Waɗanda ke fara lalacewa su ne masu kama siraran sautuka, irin waɗanda ke rarrabe baƙaƙen magana, shi ya sa mai wannan larura yakan ce yana jin murya amma ba ya gane abin da ake faɗa, musamman a kasuwa ko a taron suna, kuma sau da yawa ba ya danganta hakan da dararen da ya yi a gindin lasifika shekaru goma da suka wuce.

Matoshin kunne na soso, irin wanda ma'aikatan injuna ke sawa, shi ne kariya mafi sauƙin samu, kuma ya kamata a nemo shi a kantin magani ko shagon kayan aiki na babban gari tun kafin ranar wasa. Sa shi yana da ƙa'ida, kuma yawancin masu cewa ba ya aiki cusa shi kawai suke yi a bakin kunne. Da hannu mai tsabta ake murza soson tsakanin babban yatsa da manuniya har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, sai a zagayo da ɗaya hannun ta bayan ƙeya a kama saman kunne a ja shi sama da baya don ramin ya miƙe, a zura soson da sauri kafin ya kumbura, a dafe shi da yatsa na rabin minti har ya cika ramin. Alamar ya zauna ita ce mutum ya ji muryarsa ta koma cikin kansa, kuma wanda ya dube shi ta gaba ba zai ga soson ya leƙo sosai ba. Ana rubuta wa irin wannan ragin desibel wajen 30 a jikin leda, amma a aikace abin da ake samu yakan gaza haka, ya danganta da yadda aka sa. Aibinsa shi ne yana danne siraran sautuka fiye da masu kauri, sai kiɗan ya ɗan dushe. Akwai matoshin makaɗa mai tacewa wanda ke rage amo daidai wa daida, da desibel 9 ko 15 ko 25, kuma wanda ya mayar da zuwa wasa al'ada ya cancanci ya mallake shi. Auduga da takardar goge hanci ba sa rage abin kirki, sai dai su sa mutum ya saki jiki ya ƙara matsawa gaba.

Wurin tsayawa

Tazara ita ce kariyar da ba a saya. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da nisan mutum da lasifika ya ninka, amon yana raguwa da kimanin desibel 6, don haka idan ana samun 106 a mita biyu, za a sami 100 a mita huɗu, 94 a mita takwas, 88 a mita goma sha shida, wato daga ƙasa da minti huɗu na aminci zuwa awa huɗu, da ƴan takun ƙafa. A cikin rufaffen zaure ragin bai kai haka ba saboda bango yana mayar da sauti, haka ma inda aka rataye dogayen jerin lasifikoki da aka ƙera don jefa amo nesa, amma ko a can gindin lasifika ya fi ko'ina muni.

Abin farin ciki shi ne wurin da ya fi aminci kusan shi ne wurin da kiɗan ya fi daɗi. A babban wasa akwai teburin haɗa sauti da ake kafawa a tsakiyar fili ko kusa da baya yana fuskantar dandamali, inda mai haɗawa ke daidaita muryar kowace jita da kowace ganga da kunnensa, don haka abin da ake ji a gefen wannan tebur shi ne abin da ƙungiyar ke nufin a ji. Wanda ya dage sai ya manne da shingen gaba zai ga yatsun makaɗi da zufar mai ganga, amma abin da zai shiga kunnensa shi ne amfilifayar da ta fi kusa da shi, muryar mawaƙi ta wuce ta saman kansa, lasifikokin ƙasa masu fitar da sauti mai kauri kuma su riƙa dukan ƙirjinsa. Ga mai zuwa karon farko, gefen teburin haɗa sauti ta ɓangaren da ya fi kusa da wata ƙofa shi ne zaɓin da ya dace, in ya so daga baya ya matsa gaba na waƙa ɗaya ko biyu ya dawo.

Wasan unguwa da na biki a Nijar tsarinsa daban ne, kuma a nan ne aka fi cutuwa ba tare da an sani ba. Makaɗa suna tsaye ko zaune a kan tabarma ko darduma a ƙasa, ba dandamali, an ɗora lasifika a kan kujera ko tebur daidai tsayin kan yaro, janareto yana ruri a bayan katanga, wayoyi sun bi ta cikin rairayi, jama'a kuma sun yi da'ira. Yara su ne ke cika sahun gaba, wasu har suna jingina da akwatin lasifikar don jin girgizarsa a bayansu, kuma babban da ya ga haka ya yi shiru ya yi sakaci da amana, domin ramin kunnen yaro ƙarami ne kuma shekarun da zai rayu da asarar sun fi yawa. Jariri a goye ba shi da abin yi a kusa da irin wannan wuri ko kaɗan. Haka nan a nisanci hayaƙin janareto, musamman idan an kai shi lungu ko zaure don rage ƙararsa, saboda iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da wari ba, kuma da damina kada a taka haɗin waya ko a dafa ƙarfen makirfo da na rumfa idan ƙasa ta jiƙe.

Ƙofa da cunkoso

Mutanen Diffa ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa a kan wannan. Ranar Litinin 17 ga Fabrairu 2020, a Gidan Matasa da Al'adu na garin, turmutsutsu wajen rabon tallafi ga ƴan gudun hijira ya ci ran mutum kimanin 20, akasarinsu mata da yara. Ba taron kiɗa ba ne, amma irin wannan gida ne ake yin wasanni a cikinsa, kuma yadda abin ke faruwa iri ɗaya ne ko'ina: jama'a masu yawa, ƙofa ƙarama, na baya suna turowa ba su san na gaba sun tsaya ba. A bikin Roskilde na Denmark a Yunin 2000 mutum tara sun mutu a gaban dandamali ana tsakiyar wasan ƙungiyar Pearl Jam, kuma ranar 20 ga Fabrairu 2003 wutar ado da aka kunna a wasan ƙungiyar Great White ta kama soson da aka liƙa a bangon wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka hallaka, da yawansu a ƙofar da suka shigo ta cikinta, alhali akwai wasu ƙofofin. Saboda haka abu na farko da mai kallo zai yi da shigarsa, tun wuri bai cika ba, shi ne ya zagaya da ido ya gano mafita biyu ban da wadda ya shigo, ya duba ko a buɗe suke ko an sa musu kwaɗo, ya kuma yi alkawarin wurin haɗuwa da abokan tafiyarsa a waje, domin waya ba ta da amfani a cikin amo. Idan ya tarar da zaure mai ƙofa ɗaya kuma ana ta ƙara shigo da mutane, hasarar kuɗin tikiti ta fi sauƙi.

Masu nazarin taron jama'a sun nuna cewa haɗari yana farawa ne idan mutum biyar zuwa shida suka matsu a murabba'in mita ɗaya, kuma mafi yawan masu mutuwa numfashi ne ke gagararsu a tsaye saboda matsin ƙirji, kafin ma a kai ga tattakewa. Alamar da mutum zai kula da ita ita ce lokacin da ya kasa ɗaga hannu ya taɓa fuskarsa, ko ya ji taron yana kai shi yana kawo shi ba da son ransa ba. A wannan hali zai ɗaga damatsansa gaban ƙirji kamar yadda ɗan dambe ke tsare kansa, don ya bar wa huhunsa wurin buɗewa, ya kafa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kada ya yi gardama da turin, kada ya ɓata numfashi wajen ihu, sai ya riƙa zamewa gefe a karkace duk lokacin da turin ya lafa har ya kai bakin taro, yana kauce wa bango da shinge. Abin da ya faɗi ƙasa, ko waya ce, ya tafi ke nan. Idan shi kansa ya faɗi kuma tashi ya gagara, ya kwanta ta gefe ya dunƙule ya kare kansa da hannuwa.

Yadda wasan ke gudana

Babban wasa yakan fara da ƙungiya ɗaya ko biyu masu share fage, kowace ta yi rabin awa ko fiye kaɗan, sai a yi hutun sauya kaya, wanda shi ne lokacin shan ruwa da hutar da kunne a wuri mai shiru, sannan babbar ƙungiya ta hau ta yi kamar awa ɗaya da rabi. A ƙarshe makaɗan kan sauka kamar sun gama, jama'a su yi ta kira, su dawo su ƙara waƙa biyu ko uku. Wanda ke son kauce wa cunkoson fita a nan ya kamata ya kama hanya. Masu kallon hebi metal suna da al'adunsu: kaɗa kai sama da ƙasa bisa bugun ganga, wanda yawansa kan bar ciwon wuya, ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa, alamar da mawaƙi Ronnie James Dio ya yaɗa, ya ce ya gado ta daga kakarsa ƴar Italiya da ke yin ta don kore kambun baka, kuma ba wanda ake tilasta wa yin ta, sai da'irar turereniya da ke buɗewa a gaban dandamali, inda matasa ke gudu suna bangazar juna da kafaɗa. Mai gani daga nesa zai ɗauka faɗa ne, amma tana da dokarta wadda kowa ya sani, cewa duk wanda ya faɗi sai an tsaya an ɗaga shi, ba a naushi, ba a jawo wanda bai shiga ba. Wanda ba ya so ya ja baya sahu uku ko huɗu daga bakinta, mai gilashin ido ko mai juna biyu ko mai ciwon zuciya kuma ya yi nesa da ita gaba ɗaya.

A wasan jitar Abzinawa da'irar tsakiya ta rawa ce, ana shiga bi da bi, mata suna guɗa, masu liƙi suna fitowa su manna wa makaɗi ko mai rawa kuɗi su koma, kuma baƙo ya dubi yadda ƴan gari ke yi kafin ya shiga. Abin da ya cancanci a zuba wa ido shi ne yadda waƙar ke farawa a hankali da jita ɗaya da tafi, mai ganga ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba tare da an lura ba, jita ta biyu ta riƙe zubi ɗaya ba ta saki, har babban makaɗi ya sami inda zai hau ya yi ta yawo a saman tsirkiya na mintoci masu yawa. Wanda ya shafe wannan lokaci yana kallon allon wayarsa ya yi asarar abin da ya kawo shi, kuma makirfon waya ba ya iya ɗaukar amo mai wannan ƙarfi, abin da zai koma gida da shi ƙara ce kawai.

Bayan an tashi, a cire matoshin a hankali ana murza shi, sai an yi nisa da lasifika. Kunnen da ya yi dum ko yake ƙugi yana bukatar shiru na yini guda aƙalla, ba rediyo a kunne, ba zama kusa da injin niƙa ko injin ban-ruwa na lambun tattasai, kuma kada a ɗiga masa mai ko wani jiƙo, kada a soka masa tsinke. Idan ƙugin ya wuce kwana biyu bai lafa ba, ko akwai zafi, ko ruwa ko jini yana fita, ko jiri, a je asibiti. Idan kuwa kunne ɗaya ne ya daina ji farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, sai a nufi asibitin jiha a ranar, a kuma nemi takardar turawa zuwa likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Damagaram ko Yamai idan an ga bukatar haka.